An ce ƙanena ya amsa laifi, amma babu bidiyo

Tambaya: Malam, ina sayar da albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas. An kama ƙanena, aka ce ya amsa laifin sata a rubuce, shi kuwa ya ce tilasta masa aka yi. Ba a ɗauki bidiyo ba. Takardar nan za ta ci shi a kotu?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya kawo mafita. Sashe na 9(3) na dokar shari'ar laifuka ta Jihar Legas ya ce in wanda ake zargi zai amsa laifi, a ɗauki bayaninsa a bidiyo, in babu na'ura kuma a rubuta a gaban lauyan da ya zaɓa. Dokar tarayya ta 2015 ma ta tanadi rubuta bayanin da ɗaukarsa a bidiyo a sashe na 15(4), kuma a 2023 Kotun Ƙoli ta ce bin wannan tanadi na Legas wajibi ne.

Ni dai bidiyon wayar ɗan sanda bai cika gamsar da ni ba, don ana iya yanke shi. Na'urar kirki tana nuna ɗakin gaba ɗaya, da kwanan wata da lokaci a jikin hoton, sannan ta kulle faifan yadda ko daƙiƙa ɗaya aka taɓa sai an gane. Ɗan sanda mai gaskiya ma kariya ce gare shi.

Ka nemi lauya tun yanzu, ya ƙalubalanci takardar a daidai lokacin da za a miƙa ta ga alƙali. In ƙanenka Hausa kaɗai yake ji, a tambaya wa ya yi masa tafinta.