Tambaya da Amsa: Ni baƙo ne, ina son karanta tarihin gari a maƙabarta

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Aiki ne ya kawo ni wani yanki da ba nan aka haife ni ba har na zama kamar ɗan gari, to duk ƙauyen da na ratsa sai idona ya tafi kan tsohuwar maƙabartarsu, ina son in shiga in duba allunan don in san tarihin wajen, amma maiɗakina ta ce wannan ai aikin masu taɓin hankali ne. Akwai laifi? Kuma ta ina zan fara?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce wa uwargida ta kwantar da hankalinta, lafiyarka lau. A Sahihu Muslim ma Annabi (SAW) ya ce da ya hana ziyarar kaburbura amma yanzu a ziyarce su.

Amma fa kar ka faɗa kai tsaye da waya a hannu kana ɗaukar hoto, kai baƙo ne kuma waɗanda ke kwance iyayen wasu ne. Fara neman mai gadi ko masu haƙa kabari, gaskiya su ne littafin wajen, don kabari da yawa ba rubutu ko kaɗan, tudun ƙasa ne kawai ko dutse ɗaya, su ne za su ce maka nan ɓangaren gidan wane ne, can kuma baƙi ake sakawa.

In akwai alluna, ni shawarata ka fi zuba ido kan shekaru ba sunaye ba. Ka ga jerin ƙananan kaburbura duk shekara ɗaya, to wata annoba ta ratsa garin, ƙyanda ko kwalara ko makamancin haka. A ƙasashe da dama 1918 da 1919 ne za su yi ta maimaituwa, lokacin murar nan da aka ƙiyasta ta kashe mutum kusan miliyan 50 a duniya. Sunan dangin da ya cika tsohon ɓangare amma babu shi a sabo, mutanen nan sun yi ƙaura kenan, sai ka tambayi dattawa ina suka nufa da abin da ya tashe su.

Rubutun da ya dushe kuma don Allah kar ka goga da burushin ƙarfe ko ka zuba masa bilic, dutsen kake ci. Je da sassafe ko da yamma lokacin da rana ta karkata, ko ka haska tocila daga gefe, sai ka ga haruffan sun fito da inuwarsu.

Kuma allo ma yana kuskure, sau da yawa jikoki ne suka kafa shi bayan shekaru da abin da suka iya tunawa. Don haka ka rubuta abin da ka gani a littafinka, sannan ka gwada da rijistar mace-mace ko shafin intanet na Find a Grave mai tattara bayanan kaburbura, da aka buɗe tun 1995, duk da dai ƙananan maƙabartun ƙauye ba kasafai suke ciki ba.