Alhaji, kafin ka kama shagon abincin Indiya je ka ci nasu tukuna

Wani Alhaji mai harkar yadi a Kantin Kwari ya turo tambaya, yace yana zuwa Surat ta ƙasar Indiya saro kaya, uwargida kuma ta iya girki sosai, suna son buɗe wajen sayar da miyar kori da biryani (dafa-dukan shinkafa da nama da kayan ƙamshi) irin na Indiya a Kano. Yana tambaya a ina zai ci kori mai kyau a tafiyarsa ta gaba don ya gane yadda ake yi, kuma anya akwai riba a ciki?

Toh Alhaji, Allah ya sa albarka. Abu na farko, Surat ba nan ne wajen da za ka koyi abin da kake nema ba. Surat a jihar Gujarat take, kuma yawancin mutanen can ba sa cin nama, miyarsu ta wake ce da kayan lambu, wani lokacin har da ɗan zaƙi-zaƙi a ciki, Bakano ba zai cire kuɗinsa ya saya wannan ba wallahi. Idan jirginka ta Mumbai zai bi to ka ware dare ɗaya ka je Mohammed Ali Road, unguwar Musulmi ce, nama halal ne, kuma da azumi wajen ba masaka tsinke. Wannan maganar halal ɗin kar ka ɗauke ta da wasa, don a Indiya ba kowane nama ake yankawa irin namu ba, in ka shiga gidan abincin da ba ka sani ba ka tambaya kafin ka zauna.

In kuma za ka iya kaiwa Delhi to nan ne makarantar. A tsohon gari kusa da masallacin Jama Masjid akwai gidan abincin Karim's, tun 1913 suke dafa naman rago da miyar korma, sai Moti Mahal na Daryaganj inda ake danganta asalin butter chicken, wato miyar kaza da man shanu, da su bayan rabuwar Indiya da Pakistan a 1947. Daga nan ba nisa akwai Khari Baoli, kasuwar kayan ƙamshi ta sari, ka shiga ka tambayi farashi ko ba ka sayi komai ba. Biryani kuwa na Hyderabad ake magana, gidan abincin Paradise tun 1953 yake can, amma ba sai ka kashe kuɗin jirgi don shinkafa ba, za ka samu mai kyau a Delhi ɗin ma.

Kuma don Allah kar ka je ka ci a otel ɗin da ka sauka ka ce ka ci, na otel an rage masa yaji saboda baƙi. Bi inda masu shaguna ke layi da rana, ko ka duba manhajar Zomato ta gidajen abinci a waya ka ga inda jama'a suka fi yabawa. In da hali ma ka tafi da Hajiya, ita ce za ta tsaya a gaban tukunya, harshenta ne ya kamata ya ɗanɗana ba naka kaɗai ba, kai in ka dawo me za ka ce mata, yayi daɗi? Ai ba a girki da yayi daɗi.

Yanzu maganar riba. Kayan ƙamshin ba su ne za su cinye ka ba, citta, tafarnuwa, albasa, kanumfari, kirfa, hulba, kurkum duk akwai su a Kasuwar Rimi da Kurmi, man shanu da kindirmo kuwa namu ne tun asali kuma su ne ginshiƙin yawancin miyar arewacin Indiya. Citta dai ta yi tsada bayan da cuta ta kama gonakin kudancin Kaduna a 2023. Kaɗan ne za ka shigo da su a jaka, irin su jeera da cardamom, kuma kilo ɗaya yana daɗewa. Garin kori ɗan leda da muke zubawa a jalof ba zai yi wannan aikin ba, su Indiyawa soya kayan suke yi a mai ɗaya bayan ɗaya, albasa kuma sai ta yi ja sosai, wannan yana cin lokaci yana cin gas.

Abin da zai iya karya ka shi ne shinkafar basmati da nama da gas. Basmati daga waje take zuwa, dala ta motsa ita ma ta motsa, ka je kasuwar Singer ka ji farashin buhu kafin ka sa wa faranti kuɗi. Ku dafa tukunya ɗaya a gida, ka rubuta komai har robar zubawa da cokali da kuɗin ɗan sahu mai kai saƙo, ka raba da yawan farantin da ya fita. Idan kayan girki kaɗai sun wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da za ka sayar, to haya da albashin yara da janareto za su lashe sauran.

Shi ya sa ban goyi bayan kama shago yanzu ba. Ku fara daga gida da abu biyu kacal, biryanin kaza da miyar rago ɗaya, oda ta WhatsApp, Juma'a zuwa Lahadi, a biya kafin a ɗora tukunya. Abokanka na Kwari da suka saba zuwa Indiya, da iyalan da suka yi jinya a can suka dawo da kewar abincin, su ne kwastomominka na farko, kuma su za su faɗa maka gaskiya in bai yi ba. Kuɗin yadi kuma kar ya haɗu da na girki, ka ware wa Hajiya jarinta da asusunta daban, bayan wata uku ku buɗe littafi ku ga mutum nawa ne suka dawo suka sake oda, in sun yi yawa sai mu yi maganar shago.