Me ya sa shinkafarmu ba ta fita kamar ta 'yan Sin?

Yarona, ka ce soyayyar shinkafar da ka ci a gidan abincin 'yan Sin a Abuja ta fita wara-wara da ƙamshin hayaƙi, tamu ta nan Birnin Kebbi kuwa sai ta caɓe, kana tambaya ko irin shinkafarsu ce ta fi tamu. To, saurara.

Shinkafa kam iri-iri ce. Mai ƙamshin nan jasmin ta Tailan ce, basmati doguwa ta Indiya da Pakistan, ta Japan kuwa gajera ce mai danƙo, shi ya sa take dunƙuluwa a yi sushi da ita, wato dunƙulen shinkafa da galibi ake ɗora wa ɗanyen kifi. Amma tamu ta fadamun Argungu da Suru, da ake turarawa da ɓawonta kafin a kai inji, ba ta da laifi ko kaɗan. Ta ma fi saurin warewa a kasko.

Matsalar tana hannunka. Kana sauke shinkafa tana tururi sai ka juye ta cikin mai, ka cika tukunya taf don ka gama da wuri. Ruwan jikinta ya kashe zafin man, ta koma dahuwa, suya ba ta samu ba. Su tun jiya suke dafa tasu da ruwa kaɗan, su baza ta a faranti ta sha iska, ta kwana a firji. Kaskonsu na wok ƙarfe ne marar kauri mai zurfi, wutar gas tana ruri a ƙarƙashinsa. Kwano ɗaya ko biyu ake soyawa a lokaci guda, hannu bai tsayawa, cikin 'yan mintoci an sauke. Albasa, tafarnuwa, citta, ƙwai, duk an yanka an jera kafin a kunna wuta. Wanda ya tsaya neman wuƙa ya ƙona abinci.

Sai dai ka kula da batun kwanan. In wutar lantarki ta ɗauke firjin ya huce, zubar da shinkafar. Akwai ƙwayar cuta da ke barin guba a dafaffiyar shinkafa idan ta daɗe cikin ɗumi, kuma suya ba ta kashe gubar.

Baƙin ruwan nan da suke zubawa a shinkafar, wato soy sauce, waken suya ne da alkama da gishiri, aka bar su watanni suka nuna. Aikin daddawa yake yi a miyarmu. A 1908 wani masanin Japan, Kikunae Ikeda, ya gano sinadarin da ke ba da wannan ɗanɗano, daga nan Ajinomoto ya fito, farin magin da kake gani a kasuwa. Ka riƙa zuba baƙin ruwan a gefen kasko ya ɗan ƙone kafin ya kai ga shinkafa.

In ka sake shiga irin gidan, ka tambayi abin da aka sa a abincin, ba abin kunya ba ne. Girkin Sin kan yi amfani da giyar shinkafa da man alade, na Japan kuma da wata giya mai zaƙi da ake kira mirin.

Haɗa girkinsu da namu kuwa, na yarda, in ka san aikin kowane abu. Giwan ruwa ka turara shi da citta da lawashi, ka zuba masa mai mai zafi, zai yi daɗi ƙwarai. Amma kada ka kuskura ka ba mutum shi ɗanye da sunan sushi. Kifin kogi yana ɗauke da tsutsa, kuma ƙa'idar Amurka ita ce a daskarar da kifin da za a ci ɗanye kwana 7 a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius. Firjin shagonmu bai kai nan ba.