Tambaya da Amsa: Tangaran ɗin da kawuna ya bar mini

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Kawuna marigayi ya yi karatu a Turai, ya dawo da wani ɗan mutum-mutumin tangaran, wata yarinya riƙe da kwandon furanni. A ƙasansa akwai tambari shuɗi da rubutu, Lladró. Wata ƙawata ta ce min abu ne mai tsada, wai wasu 'yan'uwa ne ke yin sa da hannu. Gaskiya ne? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya jiƙan kawu. Kafin komai, ki ɗauke shi daga saman talabijin inda yara ke kaiwa, domin ba a banza Bahaushe ya kira irin wannan kaya faɗi-ka-mutu ba.

Ƙawarki ta faɗi gaskiya, sai dai labarin nata ya tsufa. 'Yan'uwa uku ne, Juan da José da Vicente Lladró, 'ya'yan manoma daga wani ƙauye mai suna Almàssera, kusa da birnin Valencia a Sifaniya, wanda masu kallon ƙwallo suka sani. A 1953 suka gina ɗan tanderu a tsakar gidan iyayensu, suka fara gasa kofuna da tuluna da furanni. Da rana suna aiki a masana'antar tayil, da dare suna koyon zane. A 1958 gidan ya yi musu kaɗan, suka koma garin Tavernes Blanques da ke maƙwabtaka, inda a 1969 suka buɗe katafariyar masana'antar da suka raɗa wa suna Birnin Tangaran. Har yau a can ake aikin.

Ni abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake haɗa shi. Ki duba yarinyar taki da kyau. Ba a dunƙule aka zuba ta ba. Kai daban, hannuwa daban, kwando daban, kowanne da mazubinsa, sannan a manna su da ruwan yumɓu. Furannin nan kuwa, ganye-ganye ake murza su da yatsu, ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa su ne ke fara karyewa. Farin yumɓu ne ƙashin bayan aikin, irin wanda ake haƙa a Ƙanƙara ta jihar Katsina, a gauraya shi da garin wasu duwatsu. Sai a shafa launi da man ƙyalli a gasa sau ɗaya tak, da zafin da ya kai kusan digiri 1,300. Kafin su, an saba gasawa har sau uku. Wannan dabara ce ta ba kayansu launin nan mai sanyi, shuɗi-shuɗi da toka-toka, wanda da an gani an gane. Kuma a cikin wutar kayan na ƙanƙancewa, don haka mai sassaƙa sai ya yi shi da girma fiye da yadda yake so ya fito.

Amurka ce ta yi musu arziki. Sun shiga kasuwarta a 1965, kuma a 1988 suka buɗe gidan baje koli a New York. Sai dai zamani ya juya, matasan Turai suka daina cika kabad da 'yan mutum-mutumi kamar iyayensu, ciniki ya ja baya. Ga kuma 'ya'ya sun girma a gidaje uku, kowa da ra'ayinsa. A 2007 ɓangaren Juan ya karɓi mafi yawan hannun jarin, a 2017 kuma aka sayar da kamfanin ga wani kamfanin zuba jari mai suna PHI Industrial. Juan ya rasu a ƙarshen wannan shekarar, José da Vicente suka bi shi a 2019. Sunan gidan yana nan a kan kaya, amma kamfanin ya bar hannun zuriyar.

Batun tsada kuma, kada ki sa rai da yawa. Mafi yawan ƙananan irin naki an yi su da yawan gaske, kuma na hannu ba ya kai kuɗin sabo. Waɗanda ke yin daraja su ne manya da aka ƙayyade adadinsu aka sa musu lamba, ko na farko-farko. Ki sake juya shi. Idan tambarin fure ne mai kamar ƙararrawa a saman sunan, Lladró ne. Idan jirgin ruwa kika gani da kalmar Nao, ƙaninsa ne, layin da suka fito da shi a 1968, mai sauƙin farashi. Akwatinsa na asali ma yana ƙara masa kuɗi, in kawu bai jefar ba.

Wajen tsabtacewa, burushi mai laushi ya isa. Kada ki sa tsumma a kan furannin, zare zai kama su.