Shin Kimiyya Za Ta Iya Zama Hujjar Imani?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni tela ne a wani ƙauye kusa da Ringim. An turo mini bidiyo a WhatsApp cewa Neil Armstrong ya ji kiran sallah a duniyar wata har ya musulunta, kuma wai hukumar NASA, mai binciken sararin samaniya ta Amurka, ta ɗauko hoton inda wata ya tsage. Na nuna wa ƙanena da ke jami'a a Dutse, ya ce ƙarya ce, a gaban mutane a majalisa. Tun ranar ba ma ga maciji. Boko ne ya ɓata shi, ko kuwa kimiyya ba ta tabbatar da addini?

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗana, ƙanenka bai kyauta ba da ya kunyata yayansa a bainar jama'a, amma a kan bidiyon nan shi ke da gaskiya. Armstrong ya taka wata a 1969, kuma shi da kansa ya musanta labarin, har ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta aika wa ofisoshin jakadancinta takardar ƙaryatawa a 1983. Hoton da ake yawo da shi kuwa wani kwazazzabo ne da ake kira Rima Ariadaeus, tsawonsa kusan kilomita 300, bai ko kusa zagaye wata ba. Mai imani da tsagewar wata daga Suratul Ƙamar da hadisi ya samo shi. Bai taɓa jiran kyamarar Amurka ba, don me zai fara yanzu?

Na daɗe ina koyar da kimiyya a sakandaren karkara, kuma abin da nake gaya wa ɗalibai shi ne: kimiyya tana aiki da abin da za a auna, a sake aunawa, wani ma ya zo ya ƙaryata. Allah, mala'iku da ranar lahira gaibu ne, ba sa hawa sikeli. Farkon Baƙara ma masu imani da gaibu aka yaba.

Ka tuna husufin ranar 29 ga Maris, 2006? A Katsina da Gusau rana ta rufe ruf. A nan wajenmu gari ya yi duhu-duhu da hantsi, kaji suka nufi akurki, yara na ta dukan gwangwani, manya suka shiga masallaci. Tun kafin ranar masana sun faɗi sa'a da minti, kuma bai kuskure ba. Wannan aikin lissafi ne. Amma tsayuwar da aka yi a sahu, babu lissafin da ya umarci kowa da ita. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ja kunnen masu musun lissafin husufi da sunan kare addini, ya ce cutar da addinin suke yi. Ni kuma ina ganin mai ƙirƙiro wa addini hujjar bogi ya fi su ɓarna, domin ranar da yaro ya gano an yi masa ƙarya, har gaskiyar ma sai ya fara shakka.

Ba na hana mutum ya dubi tsarin halitta imaninsa ya ƙaru, Alƙur'ani cike yake da kiran a duba. Abin da nake tsoro shi ne ɗaure aya a jikin binciken da gobe zai iya sauyawa. Georges Lemaître, limamin Katolika ɗan Beljiyam, shi ya kawo ra'ayin faɗaɗar sararin samaniya a 1927. Da Fafaroma Pius na 12 ya ɗauki wannan a matsayin shaidar halitta a 1951, Lemaître bai ji daɗi ba, ya nemi a daina haɗa su. A lokacin akwai manyan masana irin su Fred Hoyle da ke cewa sararin samaniya ba shi da mafari, kuma sai a 1965 aka samu awon da ya rinjayar da muhawarar zuwa ɓangaren masu cewa yana da mafari.