Gyaran fata daga tukunya yake farawa

Kishiyata, saƙonki ya iso. Wai ko gyaran amarya irin na da ne ya sa fatar tsofaffin Birnin Damagaram ba ta saurin yamutsewa, ko kuwa ki sayi man hasken fatan nan da ƙawayenki ke tallatawa a WhatsApp. Na yi dariya, yarinyar da ko furfura ɗaya ba ta da ita ta fara tsoron tsufa. Zancen man ne ya katse mini dariyar.

A zamanin ƙuruciyarmu, in aka kama amarya, ɗaki ake sa ta, rana ba ta ganinta. A daka ganyen lalle, a tankaɗe da rariya, a kwaɓa da ruwa a bar shi ya jiƙu. Da dare tsofaffi su zauna a tabarma, a lulluɓe mata tafin ƙafa da shi a naɗe da tsumma, hannu kuma a zura a zunguru, ta kwana a haka ƙawaye na yi mata waƙa tana kuka. Da safe a wanke, a murza mata man shanu tun daga wuya har diddige, a turara ta. Abin da ƴan yanzu ba sa lura da shi shi ne ƙwaryar da ke gefenta: hura da nono mai kauri, kunun gyaɗa, romon kaza. Kakanninmu kan ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Inuwa, hutu da ci ne ke fito da amarya tana sheƙi, lalle ado ne kawai.

To ga na tukunya. Zogale ko rama, a zuba su a ƙarshen girki, minti biyar ya isa. Matan yanzu sai su jefa kanwa su bar ganye na tafasa har ya mutu, alhali kanwa da doguwar dahuwa na kashe bitamin C, wanda da shi jiki ke gina naman da ke riƙe fata ta tsaya. Garin ƙwame, wato farin garin cikin ɗan kuka, cokali biyu a ruwan sanyi ko a nono, ya fi lemun kwalba nesa. Kabewa, karas da mangwaro na ba da bitamin A, amma sai da ɗan mai a abincin jiki ke karɓarsa, shi ya sa kwaɗo da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ba wasa ba ne. Wake, ƙwai, hanta sau ɗaya a mako. Duk akwai su a kasuwar Dole, kayan lambun Mirya kuma ba sa yankewa lokacin sanyi. Shayin nan da kuke cika wa sukari zagaye uku, ki rage, sukari mai yawa na sa fata saurin saki. Ruwa kuwa, ki duba fitsarinki: in ya yi duhu, ba ki sha isasshe ba.

Hunturu ne babban abokin gaba a Damagaram. Ruwan wanka ya zama mai ɗumi, ba mai zafi ba, don zafin na wanke maiƙon jiki. Sabulun salo da toka ake yinsa, yana busarwa, kada ya wuce sau ɗaya a rana a fuska. Man kaɗe ki narkar da shi a tafin hannu ki shafa da kin fito, jiki da sauran lema. Majema ma sai fata na da danshi suke sa mata mai. Ga faso, a jiƙa ƙafa minti goma, a goge kaushi da dutse, a cika mai, a sa safa a kwana. Ban da reza, musamman ga mai ciwon sukari. Daga hantsi zuwa la'asar a watan Afrilu da Mayu, mayafi da inuwa.

Man ƙawayenki, ki juya kwalbar ki karanta. In kin ga hydroquinone ko clobetasol, ko kuma babu rubutun komai an dai ɗura a roba, ki ajiye. Wata na farko haske, daga baya fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta tsage cinya da hammata, kumatu su ƙone su yi baƙi, gaɓoɓin yatsu su tona asiri. Ciwo ya ƙi warkewa, ɗinkin haihuwa ma ya ba likita wahala. Wadda ta daɗe tana shafawa kada ta daina dare ɗaya, fuskar kan tashi da ƙuraje, ta je likita a rage mata a hankali. Haka baƙin lallen da ake haɗawa da rinin gashi, yana tayar da bororo, wani tabon har abada.

Batun ko za a sa ki ɗaki in lokacinki ya zo, wannan sai kin kawo mana mijin tukuna. Ki gaida uwarki, ki ce ta aiko mini da tiya ɗaya ta busasshen zogale, wanda aka shanya a inuwa, don na rana launinsa ya kan koɗe.