Boganbiliya 3,000 da bashi? Fara gaya mini nawa suka rayu

Tambaya: Malam, ina da furen boganbiliya da ya lulluɓe katangar gidana. Bara na yanki rassa 300 na dasa a leda, na sayar da wasu. Bana ina so in ci bashi in dasa 3,000. Me ka gani?

Amsa: Ɗan'uwa, kalmar nan "wasu" ita ta tsaya mini a rai. Wasu nawa? Cikin 300 ɗin, nawa suka yi saiwa, nawa suka ruɓe, nawa aka karɓa kyauta don an san ka? Na tabbata ba ka rubuta ba. Kuma a haka kake son ninka abin sau goma da kuɗin mutane.

Reshen da ka soka a leda ba haja ba ne tukuna. Yakan ɗauki mako 4 zuwa 8 kafin ya yi saiwa, kuma ba duka ke kamawa ba. Waɗanda suka kama ma, saiwarsu ba ta son a taɓa ta, garin sauya leda ko ɗagawa sai ka yi asarar wasu. Sannan mai saye launi yake biya wa, ba kore ba. Shukar nan kuwa idan ta sha ruwa da taki da yawa, ko ta rasa rana ta awa 5 zuwa 6, sai ta yi ta ganye ta ƙi fure.

Na san wani da ya cika tsakar gidansa da leda sama da 1,000, yana tausaya musu da ban ruwa safe da yamma. Suka yi kore shar, babu ja ko ɗaya. Wata takwas yana ciyar da su, mai bashi yana sallama a ƙofa. Da na tambaye shi nawa leda ɗaya ta ci masa, sai ya kama sosa ƙeya.

Bar maganar bashin nan. Sake dasa 300, ka sayi littafi. Rubuta ranar yanka, kuɗin leda, ƙasa, taki da ruwa, da duk wadda ta mutu ko ta fita, har wadda surukarka ta ɗauka. Idan 150 suka kai ga mai saye, to kowace ɗaya tana ɗauke da kuɗin biyu, da wannan za ka yanka farashi. Bayan wata shida ka turo mini abin da ke cikin littafin, sai mu yi zancen 3,000.